Sandar Baba a Bakin Potomac

Wata uku na yi ina rubuta maganganun mahaifina a wani ɗan littafi mai koren bango, ina ɓoye shi a jakar aikina kamar kayan sata. Ni nas ce, kuma shekaru da yawa na yi a ɗakin tsofaffi masu gigin tsufa, don haka na ɗauka babu wanda zai koya mini alamun ciwon. Idan tsoho ya faɗi abin da ba ya yiwuwa, sai ka rubuta rana, ka rubuta lokaci, ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Haka aka koya mana, haka kuma na yi wa mutumin da ya haife ni.

Baba ya zo wurinmu a Fort Washington bayan rasuwar Inna. Mutumin Yauri ne, Basarke ɗan Basarke, masunci, a cikin jirgi ya yi wayo, da filafili da taru ya ciyar da mu har na gama makarantar koyon aikin jinya a Kaduna. Tun da na sa farar riga yake kirana Likita. Na gaji da gaya masa cewa nas daban likita daban, ya ce duk wanda ya soka masa allura likita ne. Da ya iso Amurka babu abin da ya burge shi. Ya kalli manyan gine-ginen Washington ta tagar mota ya ce sun yi ƙoƙari. Amma ranar da maigidana ya nuna masa cewa idan ya bi titinmu ya gangara, tafiyar minti goma, zai tarar da kogin Potomac, sai ga shi ya nemi takalminsa da kansa.

Daga ranar ya samu aikin yi. Da ya idar da sallar asuba ya sha kunu, sai ya ɗauki sandarsa ya gangara. Yakan dawo da hantsi, wani lokaci har da la'asar. Ya samo wani reshe ya fere shi ya kafa a bakin ruwa, kamar yadda suke yi a gida don su san ko kogi na ƙaruwa ko yana raguwa. Na ji daɗin abin da farko. Mutumin da ya yi wata biyu yana zaune a falo yana kallon bango, ga shi yana dawowa da taɓo a ƙafar wando, yana cin tuwo har da neman ƙari.

Sai ya fara kawo mana labari. Wata rana muna cin abinci ya ce, “Likita, kogin ga naku ba shi da lafiya. Da sahe ya cika, da azahar ya janye, da marece ya sake cikowa.”

Na ce, “Baba, ko dai ruwan sama aka yi a wani wuri?”

Ya ce, “Ruwan sama ba shi zuwa sau biyu a yini ya koma. Namu sau biyu a shekara yake cika, farin ruwa da baƙin ruwa, kowa ya san lokacinsu. Wanga kuwa kullum ne.”

Bayan kwana biyu ya ce ya jefa ganye ya ga yana tafiya sama, wato kogin yana komawa inda ya fito. Bayan mako guda ya ce ya gano bakin zaren, wata ruwan yake bi. Ya ce kullum cikar tana ƙara jinkiri, kuma idan wata ya tsaya ko ya cika, ruwan yakan wuce inda ya saba kaiwa. Ranar nan na ajiye cokali na shiga ɗaki na buɗe shafin farko. Na rubuta cewa majiyyaci ya ce kogi yana gudu da baya, kuma yana danganta shi da wata. Majiyyaci na rubuta, wallahi, ban ma rubuta Baba ba.

Kada a ce ban yi makaranta ba. Na san teku takan cika ta janye, an koya mana, na ma taɓa gani a Legas. Amma teku tana can nesa, sai mun yi awoyi a mota muke ganinta. Wannan kogi ne, ruwan daɗi, kuma shekara goma sha shida ina haye shi ta kan gada safe da yamma. Abin da ban lissafa ba shi ne, a kan gadar nan idona na kan motar da ke gabana, bakina na zagin wanda ya shigo mini ba sigina. Ban taɓa tsayawa a bakinsa na minti biyar ba. Maigidana kuwa mutumin kwamfuta ne, shi da ruwa sai na wanka.

Kuma gaskiya Baba yakan manta wasu abubuwa. Ya taɓa barin butar shayi a wuta har ta ƙone. Ya taɓa kiran 'yata da sunan ƙanwata. Kowane tsoho na yin haka, amma da zarar ka buɗe wa mutum littafi, komai ya yi sai ya zama shaida. Na fara jin tsoro na gaske. Na ga tsofaffi da suka fita yawo ba su dawo ba, kuma wannan bakin ruwa yake zuwa, shi kaɗai, ba Turanci. Na nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa a Alexandria, can ƙetaren kogi, aka ba mu wata Talata, ƙarfe biyu da rabi. Na riga na san abin da zai biyo baya idan likita ya karanta littafina. Za a ce kada ya sake fita shi kaɗai, mu sa ƙararrawa a ƙofa, mu riƙa kai shi gidan yinin tsofaffi inda za a ba shi fensir mai kala ya yi zane. Har na duba irin ƙararrawar da zan saya. Baba kuwa ya taɓa gaya wa maigidana, cikin raha amma ba raha ba ce, cewa ranar da aka hana shi ganin ruwa a fara nema masa likkafani.

Na ce masa hawan jini za a duba. Ƙarya ce. Don in rage wa kaina nauyi sai na ce mu fita da wuri in nuna masa tsohuwar tashar jiragen ruwa ta garin, tunda shi mutumin ruwa ne. Wajen goma da rabi muka isa.

Sau ɗaya na taɓa zuwa unguwar, wani bikin abokiyar aiki, kuma abin da na riƙe kawai shi ne wahalar samun wurin ajiye mota. Titunan ƙanana ne, wasu da duwatsu aka shimfiɗa su, duk suna gangarawa zuwa kogi. A ƙarshen ɗaya daga cikinsu akwai wani tsohon sito na jan bulo, hawa uku, bulon ya yi duhu don tsufa. Ƙofofinsa manya ne, ɗaya bisa ɗaya, kowane hawa da tasa, kuma a can ƙarƙashin rufi wani ƙaton katako ya leƙo waje da ƙugiya a bakinsa. Ni dai gini na gani. Baba ya ɗaga kai ya ce da wannan suke jan kaya sama daga jirgi. Ya taɓa wani zoben ƙarfe da ke jikin bango, kaurinsa ya kai hannuna, ya sa yatsa a inda igiya ta cinye shi, ya ce, “Jiragen da anka ɗaure nan ba ƙanana ba ne.”

A gefen ginin akwai matakalar dutse da ta sauka har cikin ruwa. Baba ya sauka a hankali, ina riƙe da gefen rigarsa ina mita. Ya duba hagu da dama bai ga inda zai kafa sanda ba, duk dutse ne. Sai ya laluba aljihu ya ciro goro guda, fari, ya ajiye a lungun matakin ƙarshe da ruwa bai taɓa ba. Na ce a raina, wannan ma sai na rubuta.

An mayar da siton gidan tarihi. A ƙasa akwai warin katako da kwalta, a bayan ɗakin kuma wasu dattawa biyu suna haɗa ƙaramin jirgin katako. A bango an rataye tsofaffin hotuna, tashar cike da jirage masu filafilan zane, ganguna jere a bakin ruwa, mata da maza suna gyaran kifi a kan dogayen tebura. Ina karanta masa abin da aka rubuta ina fassarawa, taba ce da alkama da garin fulawa da kifi mai gishiri suka riƙa fita ta nan. Akwai wani allo da ya ce daga wannan gari an loda mutane ma, bayi, aka kai su kudu aka sayar. Na yi niyyar tsallake shi, Baba ya ga na yi shiru ya ce in karanta. Da na gama ya daɗe a tsaye, sannan ya yi musu addu'a a hankali ya shafa.

Wurin masu haɗa jirgin nan ne ya manta da ni. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon tsoho mai farin gemu da tabon rana a hannuwa, yana cusa auduga a tsakanin katakai da wani ƙarfe mai faɗin baki. Baba ya tsaya ya kalla, ya kalla, ya girgiza kai, ya miƙa hannu. Na ce, “Baba, don Allah,” amma tsohon ya riga ya ba shi ƙarfen. Baba ya murɗa audugar ya buga sau uku, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya kai kunne. Tsohon ya yi dariya ya ce in tambaye shi a ina ya koya. Sun fi rabin awa a haka, ɗaya ba Hausa ɗaya ba Turanci, ni ce ma nake katse su da fassarar da ba su nema ba.

Da muka fito Baba ya nufi matakala. Goron na nan a lungunsa, amma ruwa ya rufe shi, ana hango farinsa a ƙasa, kuma ruwan ya fara lasar mataki na gaba. Na tsaya ina kallo. Babu ruwan sama, babu iska, babu jirgin da ya wuce.

Baba ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya nuna mini buhunan yashi da aka jera a gefen ƙofar siton, ya nuna wasu layuka da aka zana a jikin bulo, wani a gwiwa, wani a ƙugu, wani ya kai kafaɗata. Ya ce, “Kin gani? Nan ma yana yi. Koma ki gaya ma mutanen ga su kwashe kayansu. Wani ya toshe kogin ga daga ƙasa, yana buɗewa yana rufewa. Wata rana za ya rufe bai buɗe ba. Ni na san abin ga, Likita. Je ki gaya musu.”

Ban taɓa ganin Baba ya rikice haka ba, ko ranar da aka binne Inna. Na koma ciki don kawai in kwantar masa da hankali, ina jin kunya, na ce wa tsohon nan mai farin gemu mahaifina yana ganin wai ruwa na hawa. Na faɗe shi da irin muryar da muke yi wa iyalan majiyyata, mai nufin a yi haƙuri da shi.

Tsohon ya duba agogonsa ya ce, “Eh, yana hawa. Saura kamar awa guda ya cika.”

Na ce, “Kogin?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. Ya ce shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin da ke jan manyan jirage a wannan kogi, kuma tun kafin a aza bulo na farko a ginin nan ruwan yake hawa yana sauka sau biyu a yini. Teku ce take turo shi, tana bi ta bakin kogin tana danno ruwan har ya wuce Washington. Ya ce saboda haka ma aka kafa garin a nan, jirage na jiran cikar su shigo da ita, su jira janyewar su fita. Ya ciro wata takarda daga jikin ƙusa, an jera lokutan cika da janyewa na kowace rana, a gefe kuma an zana wata, sabo da rabi da cikakke.

Na ce, “Yana gudu da baya?”

Ya ce, “Idan yana cikowa, sosai ma.”

Ban san yadda na fito ba. Na tsaya gaban Baba na fassara masa duka, kalma bayan kalma, kuma kowace kalma akwai ta a littafina da rubutun hannuna, da rana da lokaci. Tsohon ya biyo ni da takardar. Baba ya sa yatsa a kan zanen watan, ya dube shi, tsohon ya gyaɗa kai. Sau biyu Baba ya sa na tambaya ko akwai madatsa a ƙasa, sau biyu aka ce babu. Layukan jikin bango na manyan ambaliya ne, in ji tsohon, kuma duk ruwan ya koma, ga ginin nan a tsaye. Sannan ya tambaye ni tun yaushe Baba yake lura da abin. Na ce wata uku, da reshen itace. Ya cire hularsa ya ba Baba hannu.

Akwai benci a jikin bangon siton, Baba ya zauna ya ce sai ya ga komawar ruwan da idonsa. Na duba agogo, sha biyu saura. Na zauna kusa da shi.

A nan ya ba ni labarin da na sani amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Yana saurayi aka gama madatsar Kainji, aka zo aka ce su tashi, ruwa zai ci garinsu. An gina musu sababbin gidaje a kan tudu. Mahaifinsa ya ce su tafi amma kada su damu, shi ya san kogin nan, bai taɓa hawa bai sauka ba. Ko ƙyauren ɗaki ba su cire ba. Baba ne aka aika ya kafa sanda a ƙofar gida, kusa da inda aka binne mahaifiyarsa, kullum ya tuƙa jirgi ya je ya duba. Ruwa ya ci sandar, ya kafa wata a gaba, ya ci ta. Daga baya sai kan tsamiyar gidansu kawai yake gani, yakan ɗaure jirgi a reshenta ya zauna. Da rani tafkin yakan ja baya, amma bai taɓa ja har gidansu ba. Mahaifinsa ya rasu yana cewa baɗi.

Ya ce, “Da na ga wanga ya hau, tsoro ya kama ni. Da na koma na tarar ya sauka, ƙasa ta fito, sandata na tsaye, sai na zauna na yi ta kallo. Shi ya sa nake komawa. Ina son in ga ƙasa ta fito.”

Na yi kuka a kan bencin nan, mutane na wucewa da karnukansu. Baba bai ce in yi shiru ba. Ya yi azahar a gefe a kan jaridar da tsohon ya ba shi, na sayo mana shayi, muka ci gaba da zama. Ruwan ya tsaya cik na wani lokaci, sannan gefen dutsen ya fara nuna jiƙaƙƙen layi. Ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, ofishin likita ne suna tuna mini. Na ce musu ba za mu samu zuwa ba. Wajen biyu da rabi goron ya fito. Baba ya sauka ya ɗauko shi, wannan karon ban riƙe masa riga ba. Ya goge shi da hannun riga ya sa a aljihu.

Da ya dawo ya zauna sai ya ce, “To, ciro littafin naki ki rubuta. Ki ce ruwa ya maido goro.”

Na ce, “Wane littafi, Baba?”

Ya ce, “Mai koren bango. Ban iya boko ba, amma na san duk sanda na yi maganar kogi sai ki tashi ki shiga ɗaki. Kuma mai hawan jini ba a kai shi yawon buɗe ido kafin a auna shi.”

Na ce, “Ku yafe mini. Tsoro na ji.”

Ya ce, “Na sani. Ban yi fushi ba. Abin da ya dame ni guda ne. Tafiyar minti goma ce daga ƙofarki. Kullum ina cewa yau za ta ce, Baba mu je in gani.”

Na yi masa alƙawarin ƙararrawa ba za ta shiga gidana ba, ya ce wace ƙararrawa, na ce a bar maganar. Tsohon mai farin gemu ya ba shi takardar lokutan ruwa ya ce ya dawo ranar Asabar, akwai sauran gefe guda na jirgin da ba a toshe ba. Baba ya karɓi takardar don girmamawa, a mota ya ba ni ajiya, ya ce shi yana da sandarsa.

Washegari ina da aikin safe. Na kira na ce zan makara. Da ya gama shan kunu ya tarar da ni a bakin ƙofa da takalmin roba, ya wuce gaba na bi shi. Ruwan ya janye sosai, taɓo na ƙyalli, wasu fararen tsuntsaye na tsaye a ciki. Sandar na can, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa tun daga ƙasa har sama, kowace tsaga da ranarta a kansa. Ya fara daga ta ƙasa yana yi mini bayani, ni kuma na tsuguna kusa da shi ina saurare.